"Sarki goma zamani goma", wai a ina ake faɗarta ne?

Bazazzage a Arizona: Salamu alaikum jama'a. Ranar Juma'a bayan an idar da sallah muka yi musu da wani abokina ɗan Maraɗi har sai da aka shiga tsakani, a kan sherif ɗin gundumarmu ta Maricopa, wato shugaban 'yan sandan gunduma. A nan sherif zaɓensa ake yi duk shekara 4, kuma gidajen yarin gunduma duk a hannunsa suke, ofishin tun 1871 yake. Joe Arpaio ya riƙe shi daga 1993 har ƙarshen 2016, shi ne ya zuba fursunoni a tantuna cikin zafin ranar nan tamu, ya sa musu kamfai ruwan hoda. A 2013 alƙali ya yanke cewa yaransa na tare 'yan asalin Latin Amurka saboda kamanninsu. Paul Penzone ya kayar da shi a 2016, ya rufe tantunan a 2017. To a 2024 kuma sai mutane suka zaɓi Jerry Sheridan, wanda shi ne babban mataimakin Arpaio a da. Na ce abin ya dame ni, sai ya ce min "sarki goma zamani goma", wai in kwantar da hankalina. Ni kuma na ce ba muhallinta ba ne. Wa ya yi daidai?

Malam Tsoho: Abokinka mana. Kowane shugaba da nasa salon, don mutum ya yi wa wani aiki ba shi ke nuna halinsu ɗaya ba. Ka bari ka gani tukuna, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Maman Husna: Allah gafarta Malam ni ba haka na san ta ba. A gidanmu in tsoho ya fara kukan "a zamaninmu ba a haka" shi ake gaya wa, ta ban haƙuri ce ga wanda zamani ya wuce shi, ba ta kyautata zato ga sabon sarki ba.

Ɗan Kurmi: Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Uwar Biyu: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Ta ce a ƙauyensu lokacin En'e ta ga dagatai uku da idonta, na farko ya rasu, na biyu aka tuɓe shi kan kuɗin haraji, aka naɗa na uku da kalangu da algaita mata suna ta guɗa wai an huta, ita ma har da ita a masu guɗar tana amarya. Lokacin girbi ya yi, ranar karɓar haraji sai ga dogarin nan dai da ya yi wa na farko aiki, da jar rigarsa da dorinarsa, ya shigo gidansu ya kwance akuyar da aka ba ta ta aure don kakana bai cika kuɗinsa ba. Ta bi shi har ƙofar fada tana kuka ba ko mayafi. Har ta rasu in wani ya ce sarki goma zamani goma a gabanta sai ta ce "dogari fa, nawa?" Akuyar nan ja ce mai farin goshi, ta fi shekara hamsin tana ba mu labarinta.

Malam Tsoho: Allah ya jiƙan Iya. Amma ai dogari umarni yake bi.

Ɗan Kurmi: Ni kamfan ne ya tsaya min a rai. Da za a kawo dokar nan a sa wa waɗanda suka cinye kuɗin rijiyoyin mazaɓarmu, wallahi telolin Kantin Kwari ba za su yi barci ba sai bayan babbar sallah 😂

Maman Husna: Namu ai sarki ɗaya ne jam'iyya goma, hula kawai yake canzawa.

Bazazzage a Arizona: Hajiya Uwar Biyu labarinki ya taɓa ni sosai. Shi ma Arpaio kotu ta same shi da laifin raina umarninta a 2017, Trump ya yafe masa tun kafin a yanke masa hukunci. Amma can dagaci naɗa shi aka yi, a nan mutane ne da hannunsu suka zaɓe shi har sau shida, to zamanin na sarki ne ko na talakawa?

Ɗan Kurmi: Hajiya don Allah an dawo mata da akuyar kuwa?

Uwar Biyu: Ina fa. Sai dai ta ce ta riƙa hango ta a garken dagaci, har ta haihu biyu.