Kyamarar da ba ta tsoron ruwa: wa ya gwada wacce a wajen fatsa?

Ɗan Mamobi:
Salamu alaikum jama'a. Wani abokina da ya dawo daga Ingila ya tsaraba mini sandar fatsa irin wadda ba a sa wa tana, sai ƙugiya da aka naɗa wa gashin tsuntsu ta fito kamar ƙwaro, kana wurga zaren yana sauka a hankali bisa ruwa. Asabar uku ke nan ina zuwa Ada Foah a nan Ghana, inda kogin Volta yake shiga teku. Ita wannan fatsar a tsaye ake yin ta cikin ruwa, wani lokaci har ƙugu, hannu ɗaya na sanda, ɗaya na zare. Makon jiya na kama kifi, na zaro waya da jiƙaƙƙen hannu, ta suɓuce. Na tsamo ta nan take, ta yi kwana biyu lafiya lau, rana ta uku ta ƙi caji. Yanzu ƙaramar kyamara nake nema wadda za ta shiga aljihun riga. Wanda ya riƙe da hannunsa ya faɗa mini, ba wanda ya gani a YouTube ba.

Mai Gyara na Circle:
Wa alaikumus salam. Yaya, buɗe wurin cajin ka duba, za ka ga ya yi kore. Kullum muna karɓar irinta a shago. Lambar IP68 da ake rubutawa don nuna waya tana jure ruwa, da ruwan daɗi aka yi gwajinta, kuma da sabuwar waya. Ruwan bakin Ada akwai gishiri, shi kuwa gishiri ba ya gaggawa, a hankali yake cin ƙarfe. In kuma an taɓa canza mata gilashi, gam ɗin da ke tare ruwa ya riga ya tafi. Don Allah kada ka binne ta cikin shinkafa, asarar shinkafa ce kawai.

Alhajin Aboabo:
Ɗana, sannu da asara. Ni daga Kumasi nake, tafkin Bosomtwe nake zuwa, tafiyar kamar kilomita 30 ce. Abin da ke hannuna Olympus TG-6 ce, wadda ta fito a 2019. A takarda tana jure ruwa har mita 15, da faɗuwa daga mita 2.1. Amma gaskiya mitocin nan ba su taɓa yi mini amfani ba, tun da ban taɓa nutsa ta ya wuce gwiwar hannu ba. Abin da ya sa na riƙe ta, maɓallanta ne. Hannu jiƙe, ga santsin kifi, ka danna ta kunna, ka danna ta ɗauka, duk da hannu ɗaya. Waya in ruwa ya taɓa fuskarta sai ta riƙa buɗe abin da ba ka aike ta ba.

Na biyu, tana ɗaukar abu daga kusa ƙwarai, har santimita 1. Kai da kake fatsar ƙwaro wannan zai yi maka rana: ka ɗaga dutse a bakin ruwa, ka ɗauki ƙwarin da ke maƙale a ƙasansa, ka koma gida ka naɗa ƙugiyarka ta yi kama da su. Na taɓa ɗaukar ɓawon karfasa, jikokina suka rantse zanen atamfa ne. Inda ba ta da ƙarfi shi ne nesa da duhu. Ninki huɗu kawai take jawo abu kusa. Masuntan Bosomtwe da ke zama bisa katako suna tuƙi da hannu, in sun yi nisa sai su fito kamar ɗigon tawada. Bayan magariba kuwa wayar ɗana ta fi ta. Sabuwarta TG-7 ce, ta 2023, amma sunan OM System za ka gani a jikinta, don kamfanin ya sayar da sashen kyamarorinsa. Kusan abu ɗaya ne, sai dai ita da USB-C ake cajinta.

Uwar Biyu:
Baba Alhaji ya gama magana, amma bari in sa baki. Ni da maigidana GoPro, ƙaramar kyamarar bidiyo, muke ɗaurawa a ƙirji, tana jure mita 10 ba tare da kwanso ba. Daɗinta hannu ba ya taɓa ta: lokacin da kifi ya cafki ƙugiya, da kokawar, duk tana ɗauka. Sai dai idonta faɗi gare shi. Tarwaɗar da ta cika tukunya, a hoto sai ta koma kamar ta sayarwa a faranti. Maigidan har yau bai yafe mata ba.

Ɗan Sabon Zongo:
Ku duka kuna maganar shigar ruwa, ba wanda ya ce kyamarar nan ba ta iyo. Tawa Ricoh WG-80 ce, mita 14, da ƙananan fitilu shida kewaye da idonta, kuma ta fi ta Alhaji sauƙin kuɗi. Ba ta taɓa ba ni matsala ba. Muna cikin kwale-kwale a saman madatsar ruwan Akosombo, na miƙa wa ƙanena ya ɗauke ni, shi ya zata na riƙe, ni na zata ya karɓa. Muna kallonta tana lilo tana yin ƙasa. Na tabbata har yanzu ruwa bai shige ta ba, sai dai tana ƙasan Volta da hotunan sunan ɗana a ciki. Da na sake saye, igiyar hannu mai soso wadda ke sa ta taso na fara biya. Ka gwada a bokiti tukuna, don wata igiyar ba ta iya ɗaukar nauyin.

Mai Gyara na Circle:
Allah ya mayar da alheri. Wani abu kuma, Yaya: in ta hannu za ka saya, buɗe ƙofar batir ka duba robar da ke zagaye da ita a haske. In ta bushe ko ta tsage, ajiye musu. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar rairayi a kan robar nan ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Kada ka buɗe ƙofar a bakin ruwa don canza kati. In ka dawo daga Ada, jiƙa ta a ruwan famfo kamar minti 10 tana rufe, ka daddanna maɓallan, ta bushe a inuwa sannan ka buɗe.

Alhajin Aboabo:
Haka ne. Kuma kada ka fito da ita daga mota mai sanyi kai tsaye zuwa rana, gilashin zai yi hazo ta ciki. Ni ƙullin nan na shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi nake sa mata a jaka.

Ɗan Mamobi:
Na gode Baba Alhaji, na gode 'yan uwa. Zan nemi TG-6 ta hannu in robar ta yi kyau, in ba haka ba WG-80. Igiyar kuwa yau zan saya tun kafin kyamarar. Uwar Biyu, abokin nawa ya ce a can Ingila da yawa hoto kawai suke ɗauka su mayar da kifin ruwa.

Uwar Biyu:
Su mayar? To ka gaya masa in ya zo Nima ya yi hakan a gaban maman yara, mu ga wanda zai ba shi tuwo.