Wasannin kisa ne ko bindigar gida? Muhawara kan harbe-harben makarantu a Amurka

Hajiya Binta: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Duk sanda aka ji an harbe yara a makaranta a Amurka, sai kowa ya kama zancen bindiga. Ni a wajena bindiga ba ita ce tushe ba. Tushen shi ne abin da ake ɗura wa yaran nan: finafinan kisa, da wasannin bidiyo da yaro zai wuni yana harbi ana ba shi maki. Samarin nan biyu da suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya a sakandaren Columbine a jihar Colorado a 1999, an san sun shaƙu da wasan Doom, wanda ba komai a cikinsa sai harbi. Idan ido ya saba da jini a allo, ranar da ya ga na gaske ba zai razana ba.

Sadiq: Wa alaikumus salam Mama. Ki yi haƙuri, ban yarda ba. Wasan da ɗan Amurka yake bugawa shi ɗan Japan yake bugawa, shi ɗan Koriya ta Kudu yake bugawa. A Koriya ma sana'a ce, ana gasa ana cika zaure da 'yan kallo. Akwai shekarun da waɗanda aka harbe har lahira a duk faɗin Japan ba su kai goma ba. In wasa ne ke sa kisa, me ya hana shi aiki a can?

Hajiya Binta: Tarbiyyarsu ce ta hana, ɗana. Can ana girmama manya.

Sadiq: To Kanada fa, Mama? Da Ingila? Harshe ɗaya da Amurka, finafinai iri ɗaya, rabuwar aure ma suna da ita. Abin yana faruwa a Kanada jefi-jefi, amma ko kusa bai kama ƙafar na Amurka ba.

Dokta Aminu: Hajiya, an bincika wannan tambayar taki, kuma ba yau aka fara ba. Bayan Columbine, hukumar da ke tsaron shugaban Amurka da ma'aikatar ilimi sun haɗu sun bi diddigin hare-hare 37 da aka kai makarantu daga 1974 zuwa 2000, maharan su 41. Rahoton ya fito a 2002. Waɗanda suka nuna sha'awar wasannin bidiyo na tashin hankali kashi 12 ne cikin ɗari kawai. Waɗanda suka samo bindigar daga gidansu ko gidan dangi kuwa sun haura kashi biyu cikin uku. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta taɓa cewa a 2015 wasannin na iya ƙara wa yaro zafin rai, amma a 2020 ta fito ta ce babu isasshiyar hujjar da za ta danganta su da kisa. Zafin rai daban, ɗaukar bindiga a shiga aji daban.

Hajiya Binta: Likita, kashi 12 ɗin nan na wasa kaɗai ne. Finafinai fa?

Dokta Aminu: In aka haɗa finafinai da littattafai da wasanni da rubutun da yaran suka yi da hannunsu, sun ɗan haura rabi. Wannan ba zan ɓoye miki ba. Sai dai rukunin da ya fi yawa a ciki shi ne na rubutun kansu: waƙoƙi da insha'i da littafin sirri da suke cika su da zancen kisa. Ke nan abin yana cikin yaron, yana neman hanyar fita. Kuma ki tuna samari miliyoyi ne suke kallon finafinan nan su kwanta su yi barcinsu.

Alhaji Garba: Na karanta duka. Hajiya ta fi ku kusa da gaskiya ko da ba wasan ba ne. Bindiga ba ta harba kanta. Na riƙe bindiga shekaru a bakin aiki, ba ta taɓa tashi ta kashe kowa ba. A Suwizalan gidaje da yawa akwai bindiga saboda tsarin aikin sojansu, ba ka jin irin wannan. Yaran Columbine ɗin ma bama-bamai suka haɗa da tukunyar gas suka ajiye a ɗakin cin abinci, Allah ne bai sa sun tashi ba. Mai mugun nufi ko ka hana shi bindiga zai nemi wani abu.

Zainab: Baba Alhaji, misalin da ka kawo ai shi ke rusa maganarka. Bama-baman ba su tashi ba saboda haɗa bam na bukatar ƙwarewar da yaro ba shi da ita. Bindigogin kuwa sun tashi. Duk wanda ya mutu a Columbine harsashi ne ya kashe shi. Kuma ta yaya suka same su? Shekarunsu ba su kai na saye ba, sai wata ƙawarsu mai shekara 18 ta saya musu uku a kasuwar baje kolin bindigogi, inda a lokacin masu sayarwa na ƙashin kansu ba sa binciken mai saye. Suwizalan kuma akwai takardar izini, kuma tun wajen 2007 aka daina bai wa mafi yawan sojojin harsashi su tafi da shi gida.

Alhaji Garba: 'Yata, doka a takarda take. Mu nan Najeriya dokar mallakar bindiga mai tsauri ce, talaka ba ya samun lasisi. Ta hana a kwashe yaran Ƙanƙara a 2020? Ta hana na Jangebe a 2021? Ɗan ta'adda yana da AK-47, mai bin doka yana da sanda. Shi ya sa gwamnatin Zamfara a 2022 ta ce mutane su nemi lasisi su kare kansu. Ni da za a ba mai gadin kowace makaranta makami, a nan da can, da na fi samun kwanciyar hankali.

Malam Isa: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ciwo biyu ne ka haɗa. Namu 'yan bindiga ne daga daji, a kan babura, suna neman kuɗin fansa. Na Amurka galibi ɗan makarantar ne ko tsohon ɗalibinta, ya san ƙofa, ya san lokacin tashi, mai gadi ya san fuskarsa. Kuma da yawansu sun shiga ne ba da niyyar fitowa da rai ba. Wanda ya riga ya sallama ransa, mai gadi da bindiga ba ya tsorata shi.

Zainab: Kuma an gwada, Baba. Columbine akwai ɗan sanda mai makami a makarantar. Parkland a Florida, inda aka kashe mutum 17 a Fabrairun 2018, akwai ɗan sanda mai makami, bai shiga ginin ba. Na Uvalde a Texas shi ya fi ƙona rai. Ranar 24 ga Mayu 2022 saurayi ɗan shekara 18 ya shiga firamaren Robb, ya kashe yara 19 da malamai 2. Jami'an tsaro 376 ne suka taru a wajen. Sai da aka yi minti 77 kafin a kutsa ajin, yara suna ciki suna kiran lambar gaggawa, iyaye suna waje ana tare su. Binciken da aka yi ya nuna wasu jami'an sun ja baya ne saboda irin bindigar da ke hannunsa, ƙirar AR-15. Guda biyu ya saya a kanti, bisa doka, kwanaki kaɗan bayan ya cika 18. A Texas a wannan shekarun ba a yarda a sayar masa da giya ba.

Alhaji Garba: Wannan ragwancin jami'ai ne, a hukunta su. Ba laifin ƙarfe ba ne.

Hajiya Binta: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Minti 77. Amma Zainab, har yanzu ba ku amsa mini ba. Bindigogi sun daɗe a Amurka, kakanninsu suna farauta da su. Me ya sa kakannin ba su riƙa harbin 'yan ajinsu haka ba? Dole wani abu ya canza a zukatan yara.

Dokta Aminu: Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma a nan ne nake ganin allo yana da hannu, sai dai ba ta inda kike nunawa ba. Labarai ne. Bayan Columbine an yi makonni ana haska fuskokin yaran nan, ana karanta rubuce-rubucensu, har mujallu suka sa su a bango. Wanda ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a 2007 ya ambace su da yabo a bidiyon da ya aika wa gidan talabijin. Wanda ya kashe yara 20 'yan shekara 6 da 7 da manya 6 a firamaren Sandy Hook a 2012, an tarar ya tara bayanan kashe-kashen da suka gabata dalla-dalla. Yaron da yake jin ba wanda ya san da zamansa ya ga hanyar da duniya za ta san sunansa. Shi ya sa ni ba na ambatar sunayensu, kuma ina roƙon mu ma kada mu ambata. Na Sandy Hook ɗin kuma, bindigogin mahaifiyarsa ya ɗauka, ita ya fara kashewa.

Sadiq: Kuma mako ɗaya bayan Sandy Hook shugaban ƙungiyar masu bindiga ta NRA na lokacin, Wayne LaPierre, ya fito ya ɗora laifi a kan wasannin bidiyo. Masu kare kasuwar bindiga su ne suka fi son a riƙa zancen wasa, Mama, don zancen ya bar kansu.

Hajiya Binta: Don wani ya faɗi magana da son zuciya ba ya sa ta zama ƙarya. Ni dai a gidana ba na barin ƙanana su kalli irin waɗannan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sadiq: Wannan kam haƙƙinki ne, ba wanda ya hana.

Zainab: A gida ana iyawa, a doka ne ba a iya ba. California ta hana sayar wa yara wasannin tashin hankali, Kotun Ƙoli ta soke dokar a 2011, ta ce ta saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma ba a tabbatar wasannin ne ke jawo ɓarnar ba. Ta ɓangaren bindiga ma hanya a toshe take. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu, na 1791, ya ba da 'yancin riƙe makami, kuma a 2008 kotun ta ce haƙƙin mutum ne shi kansa. Bayan Sandy Hook an kawo ƙudurin faɗaɗa binciken mai saye, ya samu ƙuri'a 54 a Majalisar Dattawa, ana bukatar 60, ya mutu. Ku duba Birtaniya: an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996, shekara na zagayowa aka haramta ƙananan bindigogi. Tun daga nan ba a sake irinsa a makarantunsu ba. Ostiraliya ma a 1996, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur, gwamnatin John Howard ta sayi bindigogi wajen 650,000 daga hannun jama'a ta lalata.

Alhaji Garba: 650,000 ɗigo ne. An ƙiyasta cewa a 2017 bindigogin da ke hannun farar hula a Amurka sun kai miliyan 393, sun fi mutanen ƙasar yawa. Wa zai bi gida-gida ya karɓa? Yaƙi za a yi.

Malam Isa: Ba sai an karɓa ba, Alhaji. Ni abin da ya fi taɓa ni a matsayina na malami shi ne na sakandaren Oxford a Michigan, Nuwamba 2021. Yaro ɗan shekara 15, uban ya saya masa ƙaramar bindiga kwana huɗu kafin abin. Ana gobe, malama ta gan shi yana duba harsasai a waya, aka sanar da uwar, sai ta tura masa saƙo cewa ya koyi yadda ba za a kama shi ba. Da safe aka ga ya zana bindiga da mutum cikin jini, ya rubuta yana neman taimako. Aka kira iyayen, ba su tafi da shi gida ba, ba su ce yana da bindiga ba, ba wanda ya buɗe jakarsa. Bindigar tana ciki. Bayan 'yan sa'o'i ya kashe ɗalibai huɗu. A 2024 kotu ta samu uwar da uban da laifin kisa ba da gangan ba, aka ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15. Rahoton da Likita ya ambata ma ya ce a kashi 81 cikin ɗari na hare-haren akwai wanda ya san da shirin tun kafin ranar, yawanci yaro ɗan'uwansa, kuma wajen kashi 70 na maharan suna jin ana cin zalinsu.

Hajiya Binta: To ai ka dawo kan maganata, Malam. Iyaye ne.

Malam Isa: Iyaye ne, Hajiya, amma sakacin da ya yi kisa a nan na bindigar da ba a kulle ba ne. Uwa mai sakaci tana ko'ina a duniya. A yawancin ƙasashe sakacinta ba ya ƙarewa da gawa huɗu a makaranta.

Alhaji Garba: Ɗaure iyayen na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Mu a bakin aiki ko harsashi ɗaya ya ɓace sai ka yi bayani. Amma ku lura, mutum aka hukunta, ba bindiga aka hana ba. Kuma bindigar da ke kulle a akwati, ɓarawo zai jira ka nemo makulli?

Dokta Aminu: Akwai akwatunan da ake buɗewa da ɗan yatsa cikin daƙiƙu, Alhaji. Kuma a auna da wannan: daga 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota, ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka. Na makarantu ƙaramin kaso ne a ciki. Mafi yawa a unguwa ne da cikin gida, har da masu kashe kansu da bindigar iyayensu. Lokacin abin Oxford, Michigan ba ta da dokar da ta tilasta kulle bindiga a gidan da akwai yaro. Sai a 2023 aka sa mata hannu, ta fara aiki a Fabrairun 2024.