Wane irin fayil na'urarka ke karantawa?

Shawara ga masu saka waƙoƙi a katin memori: a tsaya ga MP3, 128 ko 192 kbps, 44.1 kHz (ma'aunan ingancin sauti). Kusan kowace na'ura na karanta shi, kuma a 128 minti guda na cin kamar MB 1.

Saƙon murya na WhatsApp kuwa wani irin fayil ne mai suna Opus, ƙananan rediyo ba su san shi ba. Canza wutsiyar sunan fayil ɗin zuwa .mp3 aikin banza ne, sai an juya shi da manhaja kamar VLC.

Sau da yawa ma laifin kile (USB) ne, wato tsarin da aka yi masa format da shi: FAT32, NTFS ko exFAT. Na'urar wasa ta PS3 na son FAT32, ba ta ganin NTFS. PS4 na karɓar exFAT, amma waƙoƙin su shiga jakar "Music". Katin da ya wuce GB 32 da exFAT yake zuwa, tsofaffin rediyo kan ƙi shi.