Shawarar da majalisarmu ta ba ɗan ƙanena

Ɗan ƙanena yana buga ƙwallo a wata ƙaramar ƙungiya a nan Garwa. Ya rubuta kukan tsadar abinci a jikin singileti da alƙalamin allo, wai zai ɗaga riga idan ya zura ƙwallo a raga. Na kai maganar wurin mai shayinmu bayan isha'i.

Wani tsohon alƙalin wasa ne ya fara. Ya ce dokar ƙwallo ta hana saƙon siyasa a rigar ciki, kuma ko Aboutrika na Masar sai da aka ba shi katin gargaɗi a 2008 a Gana, da ya nuna rubutun tausaya wa Gaza. Aboutrika yana da suna da zai kare shi, yaron nan ba shi da ko kwantiragi.

Wani malami ya kawo Drogba, kuma nan hirar ta daɗe. A 2005, a Sudan, bayan Kodebuwa ta samu gurbin gasar cin kofin duniya, ya durƙusa da abokan wasansa gaban kyamara suna roƙon a ajiye makamai a yaƙin basasar ƙasarsu. Bayan an tashi wasa ne, kuma bai ɗaga wa kowace jam'iyya hannu ba. Ni wannan ya fi shiga raina.

Shawarar da aka ba ɗan ƙanena ita ce ya yi maganarsa a wajen fili, da bakinsa, kan abin da ya gani a kasuwa. Kada ya karɓi rigar ɗan siyasa ko an ba shi kuɗi.

Da na isar masa, sai ya ce: "Baffa, to singiletin fa?" Na ce ya ajiye ta.