Na cire SIR4 amma yis ɗin na tsirowa a 5-FOA, ku taimaka

Ɗan Masta: Assalamu alaikum. Tun farko ba aikin yis na so ba, na ƙwayar cuta na nema, malamina ya ce babu kuɗi. Sai wata tsohuwar ɗalibarsa ta turo mana daga Jamus irin yis mai ƙwayar gadon URA3 dab da bakin kuromosom na 7. Yadda na fahimta, furotin Rap1 ke kama bakin, ya jawo furotin Sir4, Sir4 ya taho da Sir2, shi kuma ya cire asetil daga H4K16 (wani gurbi a furotin histon da DNA ke naɗewa a kai), sannan Sir3 ya samu wurin maƙalewa, su bazu su toshe URA3. Muddin a toshe yake, 5-FOA (sinadarin da ke kashe yis in URA3 na aiki) ba ya kashe yis ɗin. To na cire SIR4, ƙwayar gadon da ke samar da Sir4, ya kamata URA3 ya buɗe yis ɗin ya mutu, amma ga shi yana tsirowa abinsa. Ga difens ɗin kundina ya ƙarato.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ka cire komai ba. Ka yi gwajin PCR ka duba DNA ɗin?

Ɗan Masta: Ya tsiro a maganin G418 fa, Yaya.

Tsohon Hannu: Wannan ya nuna kanMX (ƙwayar gadon da ke sa yis ya jure G418, wadda ake sawa a gurbin SIR4) ya shiga, bai nuna inda ya sauka ba. Gwada barbara. In babu Sir4, HML da HMR (gurabe biyu masu ƙwayoyin gadon jinsin barbara, waɗanda a toshe suke zama) duk buɗewa suke, yis ɗin ba zai yi barbara ba. Ko sisi ba za ka kashe ba.

'Yar Lab: Farantin ne ya cika ko ɗigo ɗaya-ɗaya? In ɗigo ne, wataƙila URA3 ɗin ne ya lalace. Kuma 5-FOA nawa ka zuba? Mu giram 1 a lita. Ni nawa sinadarin ma sai da ya yi watanni a hanya, kuɗin aljihuna, har yau ba a biya ni ba.

Baƙo: Rabu da 5-FOA, tun 2011 aka nuna yana yaudara. Koma ADE2, ƙwayar gado mai canza launin yis: ja a toshe, fari a buɗe. Mu nan wuta ce ta kashe mu, inkubeta ba ta taɓa kwana a digiri 30 ba.

Tsohon Hannu: Tun 1990 masanin yis Gottschling ya kafa gwajin nan na 5-FOA, ka ce yau ya lalace? Kada ku rikita yaro.

Ɗan Masta: Na gode, amma ni na tabbata na cire shi, malamina ma ya gani. ADE2 kuma ba ni da irin.

'Yar Lab: Har yanzu ba ka faɗi yadda farantin yake ba.