Rigimar "mai tsafta" a zauren 'yan unguwa

Maman Biyu: Salamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Jiya da dare ƙanwar maigidana ta yi ɓari a Kubwa, ciki wata uku. Zani biyu ta jiƙa da jini a cikin keke kafin mu kai asibiti. Muna isa aka ce sai an ajiye kuɗi kafin a yi mata wankin ciki. Mijinta yana ta ɗaga katin inshora, suka ce ba nan aka yi masa rajista ba. To ina amfanin dokar inshorar lafiya ta NHIA da Buhari ya sa wa hannu a 2022, wai inshora ta zama dole ga kowa? A gadon kusa da mu kuma wata yarinya ce, an ce mai kemis ne ya zubar mata da ciki. Ni dai a ganina inshora ta ɗauki nauyin wankin ciki a duk asibitin da aka je, har da zubar da ciki mai tsafta ga wadda cikin zai kashe.

Alhaji Mai Katako: Mai tsafta? Inna lillahi! Hajiya, yaushe haram ta fara yin wanka?

Anti Nas: Alhaji, tsaftar kayan aiki take nufi. Kuma ɓari daban, zubarwa daban.

Alhaji Mai Katako: To ta ce haka mana. "Mai tsafta" ta rubuta, kowa ya gani.

Barista: Doka dai ta riga ku. Penal Code, dokar laifuka da ake aiki da ita a Abuja, sashe na 232, ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa, hukuncin kuma ya kan kai shekara 14. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ma ta fitar da ƙa'idojin hakan a 2018.

Ɗan Gwarinpa: Mu ne a baya. Jamhuriyar Benin tun 2021 ta yarda har sati 12.

Alhaji Mai Katako: To ka koma Kwatano, motar na nan. Legas ma da suka gwada nasu ƙa'idojin a 2022, ai Gwamna Sanwo-Olu da kansa ya dakatar. Balle nan.

Malam Ƙarami: Hadisi ya nuna bayan kwana 120 ake busa rai, shi ya sa wasu malamai suka sassauta kafin nan idan akwai larura.

Baban Yara: Waɗanne malaman? Mu nan Malikiyya muka tashi muka tarar. Ku dama kullum da sabuwar fatawa.

Malam Ƙarami: "Ku" su wa? Fito fili, Baba.

Baban Yara: Kai ka san kanku. Tun rigimar limancin masallacin layi nake kallonka, yaro.

Ɗan Gwarinpa: Ni dai tsafta cikon addini ce 😂

Alhaji Mai Katako: Kai kuɗin gyaran taransifoma ba ka biya ba, kana mana wa'azi.

Anti Nas: Shekarata nawa a ɗakin haihuwa, mai jini ba ta jiran...

Baban Yara: Anti, ba da ke ake ba.

Maman Biyu: Duk cikinku ba wanda ya ce ya mai jiki. Leda biyu na jini aka ƙara mata.

Malam Ƙarami: Allah ya ba ta lafiya. Amma Baba ya janye "ku" ɗin nan.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta: Maman Biyu ta yi suɓutar baki, Alhaji ya gyara mata cikin hikima, kuma kusan kowa ya yarda da shi. Barista ya tabbatar cewa shekara 14 ce a gidan yari. 'Yan boko su riƙa tauna magana kafin su turo. Batun inshora kuma a kai wa gwamnati, ba namu ba ne. Masu bashin taransifoma su same ni bayan Isha'i. Na rufe zaure sai da safe.