Musayar Waƙa: Kujerar Wa Na'ura Ta Fara Ja?

Mai Alƙalami:
Ƙirƙirarriyar basira ta shigo ofis,
Kujerar da ta fara ja ta mata.
Wasiƙar da nake yini ina bugawa,
Kafin ƙiftawar ido ta rubuta.

Ɗan Sitiyari:
Yaya, ruwan da ya dake ki ya dake mu,
Direba ma yau barcinsa ya ƙuntata.
Motar Waymo mai tuƙa kanta na ɗaukar fasinja a Amurka,
Babu kowa a gaba, maza sun rasa gata.

Mai Alƙalami:
Ƙanena, taka gobe ce, tawa yau ce,
Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta auna rata:
A 2025, ƙasashe masu arziki, ayyukan da ke bakin wuta,
Na maza kashi 3.5, kashi 9.6 na mata.

Uwar Baiti:
Allah ya ƙara basira, Anti! Kin kai shi ƙasa.

Malam Ma'auni:
Malama, ɗango na uku ya yi ɗingishi. Lissafi ya karya miki kari.

Uwar Baiti:
Malam, baitin Ɗan Sitiyari na ƙarshe ma ya zarce ma'auni, ba ka tanka ba. Don namiji ne?

Malam Ma'auni:
Nasa tsawo ne kawai, nata karaya ce. Ki ƙirga gaɓoɓin.

Mai Alƙalami:
Malam, kana ƙirga gaɓa, ina ƙirga albashi,
Gurgun baiti ya fi gaskiyar da aka ɓata.

Ɗan Sitiyari:
Afuwa, ina kan hanya ne tun safe.
Yaya, kuka ba ya mayar da kujera,
Ku shiga cikin masu ƙera na'urar, ita ce mafita.

Mai Alƙalami:
Ta wace ƙofa, ƙanena? Tambayi kamfanin Amazon,
Manhajar tace masu neman aiki ta cuta.
Takardun shekara goma aka ba ta ta koya,
Galibi na maza, da su ta daidaita.
In ta ci karo da kalmar "mata" ta rage maki,
A 2018 labarin ya fasu, duniya ta karanta.
Dare nake koyon shirya manhaja, yara na barci,
Ka ce in shiga? Ina bakin ƙofar, ban huta.

Uwar Baiti:
Malam Ma'auni, auna wannan!

Malam Ma'auni:
Amsa-amon ya zauna daram. Ɗango na shida dai har yanzu da sauran gyara.